Bindigar Tana Nan, Harsashinta Ya Ƙare: Yadda Ake Ciyar da Tsohuwar Snider

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da maharbi yana ɗura bindigar toka ya san aikin ba ya son gaggawa. A tsayar da ita bakinta sama, a zuba albarushi, a cusa tsumma, a danna da sandar ɗuri, a jefa dalma, a sake toshewa, sannan a gyara wurin kama wuta. Har tsakiyar ƙarni na 19 haka sojojin manyan daulolin Turai suke yi. Bindigar sojan Ingila ta 1853, wadda ake kira Enfield, ta baki take cin ɗuri, kuma gwanin soja ba ya wuce harbi uku a minti ɗaya, yana tsaye ƙerere a gaban abokin gaba, don ɗurin baki ba ya yiwuwa da sauƙi a kwance.

Sai Furusiya ta fito da bindigarta mai allura ta Dreyse, wadda ake ɗurawa ta baya. Ta gwada ta a kan Denmak a 1864, ta maimaita a kan Ostiriya a 1866. Hankalin kowace gwamnati ya tashi. Rumbunan makamai cike suke da dubban ɗaruruwan bindigogin ɗurin baki masu kyau, wasu ko shekara goma ba su yi ba, ga shi dare ɗaya sun zama na jiya. Zubar da su asara ce, ƙera sababbi kuma sai an ɗauki shekaru. Shawarar da kusan kowa ya yanke ɗaya ce: a yanke ƙarshen bututun ta baya, a dasa masa ƙofa, a bar sauran bindigar yadda take.

Ingila ta zaɓi ƙofar wani Ba'amurke, Jacob Snider, a 1866. Ƙofar tana buɗewa ne gefen dama kamar murfin adaka. A ja guduma baya, a buɗe, a zura harsashi, a rufe, a harba. Bayan harbi a sake buɗewa, a ja ƙofar baya kaɗan don ƙugiya ta fizgo kwanson harsashin da aka harba, sannan a kifar da bindigar ya faɗo, domin ba ta da abin da ke cilla shi waje. Da wannan ɗan gyara harbi ya tashi daga uku zuwa wajen goma a minti. Snider kansa bai ci moriyar abin ba, ya rasu a Landan cikin watan Oktoba na wannan shekarar yana fama da rashin lafiya da rashin kuɗi, yana ta jayayya da gwamnati kan hakkinsa.

Sauran ƙasashe kowacce ta yi nata. Amurka ta bi dabarar Erskine Allin na ma'aikatar makamai ta Springfield, ƙofarsa tana buɗewa sama ta kwanta gaba. Faransa ta yi Tabatière a 1867, sunan ma daga batta ta tabar shaƙa aka samo shi, don haka murfin ya yi kama. Ostiriya ta yi Wänzl, Rasha ta ɗauki Krnka, Suwizalan ta yi Milbank-Amsler, Beljiyam ta yi Albini-Braendlin. Dukansu 'yan riƙon ƙwarya ne. Ingila ta amince da Martini-Henry a 1871, Amurka ta fito da sabuwar bindigarta a 1873, haka aka yi ta tura gyararrun zuwa rundunonin sa-kai, da 'yan sanda, da ƙasashen da aka mallaka, daga nan kuma sai kasuwar gwanjo.

A yau dubbai daga cikinsu suna hannun masu tara kayan tarihi a Amurka, Kanada, Ingila, Ostireliya da Niyu Zilan. Adadinsu ya ƙaru sosai a 2003, lokacin da wasu kamfanonin Amurka biyu, International Military Antiques da Atlanta Cutlery, suka saye tsohon rumbun makaman masarautar Nefal a fadar Lagan Silekhana da ke Katmandu, bindigogi sama da 50,000, cikinsu har da Snider masu yawa, wasu ƙirar Ingila wasu ƙirar gida. Mutum ya saya, ya wanke dattin shekara ɗari, ya ga ƙarfe lafiya lau, guduma tana sauka da ƙarfinta. Sai ya tambayi harsashi, a ce masa masana'antun da ke yin sa da yawa sun daina tun kakansa yana yaro. Ɗan abin da ƙananan kamfanoni ke yi jefi-jefi tsadarsa ta hana a harba shi da yawa. Daga nan sana'ar da nake son yi wa fashin baƙi, wato haɗa harsashi da hannu, take farawa.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, ƙofar da Snider ya ƙera ba ita kaɗai ce ta mayar da bindigar mai ɗurin baya ba. Ƙofa a bayan bututu tsohuwar dabara ce, an yi ƙarnuka ana gwada ta, kullum tana cin tura a wuri guda: wuta da hayaƙi suna tsiyayowa ta gefen ƙofar su bugi fuskar mai harbi. Abin da ya warware matsalar shi ne kwanson tagulla. Idan albarushi ya kama, kwanson yakan kumbura ya manne da bangon ɗakin harsashi, ya toshe kowace kafa, sannan da matsin ya sauka ya ɗan saki jiki yadda za a iya zaro shi. Wato kwanso wani sashe ne na injin bindigar, sashen da ake sauyawa bayan kowane harbi. Wanda ya zauna yin harsashin Snider yana ƙera ɓangaren bindiga ne da ya ɓace, kuma idan bai yi daidai ba, fuskarsa ce a bayan ƙofar.

Harsashin asali aikin Kanar Edward Boxer ne na ɗakin binciken makamai na Woolwich. A lokacin ba a gama ƙware wajen tatso kwanso guda daga faifan tagulla da yawa kuma da araha ba, sai Boxer ya naɗe siririn fallen tagulla kamar yadda ake naɗe tabarma, ya lulluɓe shi da takarda, ya ɗaure gindinsa da faifan ƙarfe, ya dasa ɗan ƙyastu a tsakiya. Ɗan ƙyastun nan, wato 'yar hular da allurar bindiga ke sara ta ba da tartsatsi, shi ne babban gadon Boxer. Har gobe yawancin harsasan Amurka irin nasa suke amfani da shi, yayin da Turai ta daɗe tana bin na Hiram Berdan, wanda shi kuwa Ba'amurke ne. Masu sake ɗuri sun fi son na Boxer domin rami ɗaya gare shi a tsakiya, ana tura tsohon ya fita da tsinke a sa sabo.

A cikin wannan kwanso akwai baƙin albarushi wajen giram 4.5, a bakinsa kuma dalma mai nauyin giram 31. Don a gane girmanta, dalmar harsashin AK-47 wajen giram 8 ce, ta Snider ta kusan ninka ta huɗu ke nan. Tana fita da gudun da bai wuce mita 380 a daƙiƙa ba, a hankali idan aka gwada da na zamani, amma da nauyin da ke karya ƙashi.

Me zai hana a nemi tsofaffin harsasan a harba? Akwai su, amma sun zama kayan tarihi su ma, kowane ɗaya yana da daraja a wurin masu tarawa. Ban da haka, sinadarin da ke cikin ɗan ƙyastun zamanin ya daɗe da mutuwa a yawancinsu, wanda bai mutu ba kuma yana barin gishiri mai cin ƙarfe. Fallen tagulla mai shekara 150 ba abin da za a dogara da shi ba ne ya tare wuta. A ganina harba irin waɗannan ɓarna ce sau biyu: an lalata shaidar tarihi, an kuma sa ido cikin haɗari.

Saboda haka sai a nemi kwanso daga wani wuri, kuma a nan sa'a ta taimaki masu Snider. Bindigogin harbin tsuntsaye ana auna faɗin bututunsu da wata tsohuwar ƙa'ida: ƙwallon dalma nawa masu faɗin bututun za su cika laba ɗaya. Idan goma sha biyu ne, a ce lamba 12. Lamba 24 faɗinta inci 0.579 ne, Enfield kuwa inci 0.577, wato milimita 14.7. Tazarar ba ta kai kaurin gashin kai ba. Kamfanin CBC na Barazil, mai sayar da kaya da sunan Magtech, yana yin kwanson lamba 24 na tagulla zalla, kuma gindinsa ya yi kusa da na Snider ƙwarai. Sai a rage tsawonsa zuwa wajen inci biyu, a gasa bakinsa da wuta don ya yi laushi, a matse shi a cikin mazubin ƙarfe mai siffar harsashin. Kamfanin Lee na Amurka yana sayar da irin wannan mazubi, kuma saboda kaurin harsashin ya fi na yau da kullum girma, sai an sami injin matsi mai faɗin baki. Wanda yake da kuɗi yana iya sayen kwanson da aka yi musamman, irin na Bertram a Ostireliya, wanda kuma yake da injin sassaƙar ƙarfe yana iya fafe shi daga sandar tagulla ɗaya bayan ɗaya.

Gasa bakin nan yana da dalili. Tagulla idan aka yi ta lanƙwasa ta tauri take yi har ta tsage, kamar wayar da yaro ke murɗawa sai ta katse. Zafi yana mayar mata da laushi. Amma bakin kawai ake so ya yi laushi. Gindin dole ya zauna da taurinsa domin shi ke fuskantar ƙofa, kuma kwanson da zafi ya kai gindinsa ya tashi daga aiki, sai kwandon shara.

Kafin a yanka ko kwanso ɗaya, mai hankali yakan auna bindigarsa. Wannan shi ne wurin da sababbin shiga suka fi yin tuntuɓe, don sun saba da zamanin da lamba ɗaya take nufin awo ɗaya a ko'ina. Snider ba haka take ba. An gyara wasu a ma'aikatar gwamnati ta Enfield, wasu a kamfanonin Birmingham da Landan, wasu a Nefal da hannu. An kuma yi ɗakin harsashinta da yalwa da gangan, saboda naɗaɗɗen kwanso yakan lotsa a jakar soja, ga kuma dattin albarushi da ke taruwa bayan harbi ashirin. Ana toshe bututun a zuba wani narkakken ƙarfe da ake kira Cerrosafe, wanda ke narkewa tun ruwa bai tafasa ba, ya daskare a fitar da shi, sai ga siffar ɗakin a hannu ana aunawa. Bututun kuma ana tura masa ƙwallon dalma mai laushi daga wannan baki zuwa wancan, ta fito ɗauke da zanen cikinsa. Awon da aka samu na wannan bindigar ne ita kaɗai. Ta maƙwabci tana iya bambanta.

Wannan awo shi ke tona babban sirrin Snider, kuma a nan nake son in daɗe. Bututun na ɗurin baki ne, ba a sake shi ba. A cikinsa akwai tsagogi masu murɗewa da ke sa dalma ta juya kamar mazari don ta tafi a miƙe. Mai ɗurin baki yana da matsala: dalmar dole ta kasance ƙasa da faɗin bututu don ta sauka ta baki, amma kuma dole ta cika bututun don ta kama tsagogin. Dabarar da aka sani da sunan Minié na Faransa ita ta warware wannan: a rarake gindin dalmar, idan albarushi ya tashi ya buɗa shi kamar siket ya kama bango. Ingila ta ƙara da toshe ramin da 'yar toshiya, da farko ta katako daga baya ta gasasshen yumɓu, wadda matsi ke turawa ciki ta ƙara buɗa gindin. Da aka zo yin harsashin Snider sai aka ɗauko wannan dabara kacokan aka sa a cikin kwanso. Dalmar soja faɗinta inci 0.573 ne, ƙasa da bututun, alhali zurfin tsagogin kusa da ɗakin harsashi yakan kai 0.590 ko fiye. An kuma rarake hancinta don daidaita nauyi, abin da ya sa take fashewa a jiki ta yi mummunan rauni.

Mai harbi na yau yana da hanya biyu. Ko ya bi ta soja, ya nemi mazubin da ke fitar da dalma mai ramin gindi, ya murza toshiyar yumɓu ko makamancinta ɗaya bayan ɗaya, ya yi fatan kowacce za ta buɗe daidai da 'yar uwarta. Ko kuwa ya ce, tunda yanzu ta baya ake ɗuri, babu dalilin ƙaramar dalma, ya zuba mai faɗin 0.590 zuwa 0.600 wadda ta riga ta cika tsagogin tun kafin ta motsa. Yawancin masu neman saiti hanya ta biyu suke bi, kuma sakamakon yana nuna suna da hujja. Sai dai dalma mai wannan kauri ba ta shiga bakin kwanson da aka matse da mazubin kasuwa. Maganin shi ne a bar bindigar ta gyara kwanson da kanta: harbin farko yana buɗa shi ya ɗauki siffar ɗakin, daga nan ba a sake matse shi, sai dai a tura dalma da babban yatsa. Kwanson ya zama na wannan bindigar har ƙarshen rayuwarsa.

Ni dai ina girmama masu bin hanya ta farko, ko da saitinsu bai kai ba. Mai dalmar 0.600 yana gano iyakar abin da bututun zai iya. Mai naɗa fallen tagulla da murza yumɓu yana gano abin da sojan 1868 ya riƙe a hannu, da dalilin da ya sa harbinsa ya kauce, da yadda kwanso yake maƙalewa idan bindiga ta yi zafi. Wannan ilimi ne da takardun ma'aikatar yaƙi ba su rubuta ba.

Akwai kuma batun murɗin tsagogin. Doguwar Enfield mai tsaga uku tana juya dalma sau ɗaya ne a cikin inci 78, kusan mita biyu, bututun kuma bayan gyara bai kai rabin wannan ba. Wato dalmar tana fita ba ta yi ko rabin juyi ba. Irin wannan murɗi mai sanyi ba ya riƙe doguwar dalma, sai ta yi ta katantanwa a iska ta bugi allo da gefe. Gajeriya mai kauri ita ke tafiya daidai, har wasu sukan sami biyan buƙata da ƙwallon dalma zalla. Gajerun Snider masu tsaga biyar, irin na sajan-sajan da wasu rundunoni, murɗinsu ɗaya ne cikin inci 48, sun fi haƙuri da doguwar dalma. Dalmar kuma mai laushi ake so, ba irin mai tauri da ake zubawa don bindigogin zamani ba.

Albarushi ba wurin gwaje-gwaje ba ne. Baƙin albarushi, na gawayi da farar wuta da gishirin da ke ciyar da wutar, shi aka ƙera waɗannan bindigogi dominsa. Marar hayaƙi sai a 1884 Paul Vieille ya samar da shi a Faransa, bindigar Lebel ta fara cin sa a 1886, shekara ashirin bayan Snider. Matsinsa yana iya tashi fiye da abin da tsohon bututu zai ɗauka, kuma ɗan kuskuren awo a cikin kwanso mai faɗi irin wannan ya isa ya kawo masifa. A tuna cewa gyararrun Snider na farko bututunsu na baƙin ƙarfe ne mai laushi, ƙofarsu kuma ba ta da sakata ta gaske, 'yar maɓalli ce mai sifirin da nauyin guduma ke riƙe ta. Sai a samfuri na uku, wanda aka ƙera sabo fil da bututun ƙarfe mai ƙwari, aka sa mata sakata. Idan gindin kwanso ya fashe a irin na farkon, ƙofar tana iya buɗewa. Ana samun masu alfaharin sun yi amfani da na zamani lafiya. Ban ga abin koyi a nan ba, don bindigar da ta tsira daga yaƙe-yaƙe da damina 150 ba ta cancanci a yi caca da ita ba, balle idon mai ita.

Baƙin albarushi yana da nasa sharuɗɗan. Ba ya son a bar fili tsakaninsa da dalma, kuma kwanson lamba 24 cikinsa ya fi na asali yalwa saboda bangonsa siriri ne, don haka akan cike gurbin da gashin tumaki da aka shace ko fayafayan kwali. Sannan kusan rabin abin da ya ƙone ba ya zama iska, toka yake zama ya kwanta a bututu. Idan tokar ta bushe ta yi tauri, harbi na biyar ba zai bi sawun na farko ba. Abin da ke sa ta zauna da laushi shi ne man da aka shafa wa dalma, kuma man fetur da danginsa ba sa yi, kwalta suke zama. Kakin zuma da kitse ko man tsirrai ake haɗawa, yadda aka yi tun farko.

Maganar kitsen nan ba ƙarama ba ce a tarihin wannan bututu. Harsashin Enfield na ɗurin baki takarda ce mai maiƙo da soja ke yagewa da haƙori. A 1857 labari ya bazu cikin sojojin Indiya cewa maiƙon na saniya ne da na alade, abin da ya taɓa Hindu da Musulmi gaba ɗaya, ya zama ashanar da ta kunna boren da ya fara a Meerut cikin watan Mayu, ko da yake tushen fushin ya fi kitse zurfi nesa ba kusa ba. Irin waɗannan bindigogi ne, shekara tara bayan haka, aka yanke wa baya aka dasa wa ƙofa.

Masu Snider duk da haka a inuwa suke idan aka dubi masu Wänzl ko Milbank-Amsler ko Allin ta farko ta 1865. Waɗannan harsashinsu ba shi da ɗan ƙyastu a tsakiya. Sinadarin yana cikin leɓen gindin kwanso ne, allura tana saran gefe, kuma kwanson da aka sara sau ɗaya ya gama aiki. Babu mai yin irin wannan da wannan girma yanzu. Dabarar da aka samo ita ce a sassaƙa kwanso mai kaurin gindi, a huda rami a gefe, a dasa ɗan ƙaramin harsashin .22 marar dalma, wanda shi ma sinadarinsa a leɓe yake, yadda leɓensa zai faɗa daidai inda allurar ke sauka. Kowane ɗuri sai an juya kwanson ya fuskanci wurin. Aiki ne mai cin rai, shi ya sa wasu suke gajiya su huda ƙofar bindigar su mayar da allurar tsakiya. Wannan ne abin da ba na goyon baya ko kaɗan. Kwanso ana yin wani gobe, ƙofar 1867 kuwa idan aka huda ta an huda ke nan. Amurka ma da kanta ba ta daɗe a kan wancan tsari ba: a 1866 ta zura wa bututun wani siririn bututu a ciki, ta rage faɗinsa zuwa rabin inci, ta koma harsashin .50-70 mai ƙyastu a tsakiya, wanda har yau samun kwansonsa bai kai na sauran wuya ba. Tabatière da yawa kuma ba su tsira da siffarsu ba, 'yan kasuwar Beljiyam sun mayar da su bindigogin tsuntsaye lamba 12 suka sayar da araha da sunan Zulu.

Mai karatu zai iya cewa wannan duk wasan masu kuɗin Turai ne, ina ruwanmu. Akwai ruwanmu, domin a Afirka aka fara gwada Snider a babban fagen fama. A watan Afrilu na 1868, a Aroge kusa da Magdala, rundunar Robert Napier ta fuskanci mayaƙan Sarki Tewodros na Habasha, kuma saurin ɗurin baya ya yi musu mummunar ɓarna cikin ɗan lokaci. A yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, a Gana ta yau, bataliyoyin Garnet Wolseley Snider suka riƙe a Amoaful, Asantawa kuwa bindigogin toka. A wannan yaƙi akwai sojojin Hausa a ɓangaren Ingila, wasu ƙarƙashin John Glover wanda ya kafa rundunarsa ta Hausawa a Ikko a 1863, wasu suna harba igwa ƙarƙashin Kyaftin Rait. Rundunar Glover ita ce sojan Najeriya ke lissafawa a matsayin tushensa. Turawa sun san ƙarfin yana cikin harsashi, shi ya sa yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigar da bindigogin zamani da harsasansu yawancin Afirka, ta bar ƙofa a buɗe ga na toka. Bindigar toka maƙerin gari yana iya ciyar da ita, mai ɗurin baya kuwa tana jiran kwanso daga teku. Maƙeran Samori Ture, wanda ya yaƙi Faransa a Afirka ta Yamma, sun fahimci haka, suka koyi gyara da kwaikwayon bindigogin Faransa, suna tattara kwansayen da aka harba suna sake ɗura su. Abin da mai sha'awa yake yi yau a ɗakin aikinsa a Kanada, su sun yi shi rayuwarsu tana cikin haɗari.

Doka ma ta gane cewa harsashi ne ke raba kayan ado da makami. A Amurka dokar tarayya tana ɗaukar bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi. A Ingila ana iya ajiye tsohuwar bindiga mai harsashin da ya ɓace ba tare da lasisi ba, muddin don kallo ce. Ranar da mai ita ya yi niyyar harba ta, sai ya sa ta a takardar izininsa kamar kowace bindiga. An ga abin da ke faruwa idan aka keta wannan: a 2017 wata kotu a Birmingham ta ɗaure wani dillalin tsofaffin bindigogi shekara 30 saboda yana haɗa harsasan da suka ɓace suna faɗawa hannun 'yan daba tare da tsofaffin bindigogin hannu. A 2021 gwamnati ta cire nau'in harsashi bakwai daga jerin waɗanda ake yi wa sassauci. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ba ta bar ƙera bindiga ko harsashi ga duk wanda ya ga dama ba, kuma a halin da Arewa take ciki ba na ganin wani mai hankali zai nemi a sassauta. Wanda ya gāji irin wannan bindiga a gidan sarauta ko gidan tsohon soja, abin da ya fi mata shi ne a kare ta daga tsatsa, a rubuta tarihinta tun masu sani suna raye, a daidaita matsayinta da hukuma.

A can inda doka ta yarda, ranar harbi ba ta ƙarewa a filin harbi. Tokar baƙin albarushi tana jan laima, kuma idan ta kwana a bututu tsatsa ta fara. Da ruwa ake wanke ta, ruwan ɗumi, a yi ta zura tsumma har ya fito fari, a busar, a shafa mai, a cire allura a goge raminta don ta nan ma hayaƙi yake bi. Kwansayen tun a fili ake cire musu mataccen ƙyastu a jefa su cikin gorar ruwan sabulu, in ba haka ba kafin a iso gida sun fara yin kore. A gida a wanke cikinsu da ɗan buroshi, a shanya, a ɗaga kowanne a duba bakinsa ko ya fara tsagewa, a duba gindinsa ko ya kumbura. Wanda ya nuna alama a fitar da shi. Sauran a mayar da su akwatinsu, wanda aka rubuta wa sunan bindigar da suka ɗauki siffarta da adadin harbin da kowane rukuni ya yi, don a san lokacin da za a sake gasa bakinsu.